Kafin Ka Biya Kuɗin Hostin: Matakan Zaɓar Kamfanin Da Zai Riƙe Maka Shafi

Da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da tambayar nan ba, ko a shago ko ta WhatsApp: "Malam, wane kamfanin hostin ne ya fi kyau?" Masu makarantun kuɗi sun tambaya, wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwa ta tambaya, ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman da ke son ɗora aikinsu na ƙarshe ma sun tambaya. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, don ba na kama sunan kamfani ɗaya in ce shi ne. Wanda ya yi wa mai atamfa daidai zai iya kunyata mai makaranta ranar da aka saki sakamakon jarrabawa. Abin da nake da shi tsari ne da nake bi duk lokacin da zan saya wa wani, kuma shi zan shimfiɗa a nan.

Hostin shi ne hayar wurin da shafin intanet ke zama, kuma a nan kan na haɗaka zan yi magana. Hostin na haɗaka gidan haya ne. Babbar kwamfuta ɗaya, wadda ake kira saba, ana yanka ta ɗaki-ɗaki a ba ɗaruruwan shafuka. Mita ɗaya, rijiya ɗaya. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma idan maƙwabci ya kunna hita ƙwan ɗakinka ke dushewa. Ga ƙaramin shafi ya isa, muddin ka san gidan da ka shiga da yadda za ka fita in ta ɓaci.

1. Rubuta aikin da shafin zai yi

Ɗauki biro da takarda kafin ka buɗe shafin kowane kamfani. Shafi nawa za ka ɗora, ɗaya ko uku? Kana son imel mai sunan kasuwancinka, kuma na mutum nawa? Za a riƙa biyan kuɗi a kai ta Paystack ko Flutterwave? Akwai ranar da jama'a za su yi masa caa a lokaci guda?

Shafin gabatar da kamfani ko ƙungiya, mai rubutu da 'yan hotuna, da wuya ya cinye gigabait ɗaya. Mai shago kuwa hotuna ne ke cinye masa wuri: hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5, dubu ɗaya ke nan sun kai gigabait 3 zuwa 5 in ba a rage musu nauyi ba.

Gargaɗi: masu son tara karatuttukan malamai su lura. Awa ɗaya na sauti, ko da mara nauyi ne, yana kusan megabait 30. Tafsirin azumi ɗaya na malamai uku ya isa ya cika ƙaramin ɗaki, kuma yawancin kamfanoni sun haramta mayar da hostin na haɗaka rumbun ajiyar sauti da bidiyo. Ka ɗora bidiyo a YouTube, sauti a Internet Archive, shafinka ya riƙa nuna hanya kawai.

2. Sayi domen da sunanka, da imel ɗinka

Domen shi ne sunan shafin, hostin kuma ɗakin da kayan ke ciki. Ɗaki ana iya sauya shi a yini ɗaya. Suna in ya suɓuce, ya tafi da allon da ka kafa a ƙofar shago, da katin da ka buga, da duk wanda ya san ka da shi.

An taɓa kira na wata makaranta da shafinta ya mutu ana saura kwana kaɗan a fara sayar da fom. Shugaban makarantar ya ce, "Malam, mun biya kuɗin komai, ga rasit." Na duba, rasit ɗin na yaron da ya haɗa musu shafin ne, ba na kamfanin hostin ba. Domen da sunansa yake, imel ɗin asusun nasa ne, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a takarda wannan suna ba naku ba ne." Sai da aka bi ta hannun wani kawunsa aka same shi. Yaron bai yi da mugunta ba, rashin sani ne daga ɓangarorin biyu, amma mako biyu makarantar ta yi ba shafi.

Don haka ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗin da kake shiga kullum da lambar wayarka. Idan wani zai yi maka aikin, ka ba shi hanyar shiga hostin, asusun domen ya zauna a hannunka.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen na Najeriya, kuma ta hannun kamfanonin da ta amince da su ake saya. Jerin sunayensu na shafinta. .com.ng ya fi .ng sauƙin kuɗi, da naira ake biyansa, ya kuma wadaci yawancin 'yan kasuwa. Akwai .org.ng na ƙungiyoyi da .sch.ng na makarantu. Shi .com farashinsa dala yake bi ko da a wajen kamfanin gida ka saya.

Gargaɗi: "domen kyauta" da kamfanonin hostin ke tallatawa na shekarar farko ne kawai. Tambayi nawa ne sabuntawa. Sannan sabon .com ba ya ƙaura zuwa wani kamfani sai ya cika kwana 60, wannan ƙa'idar ICANN ce, hukumar da ke kula da sunayen domen a duniya, ba mugunta ce ta kamfanin ba. Ni dai na fi son domen a wuri ɗaya, hostin a wani wuri. Ranar da muka saɓa da mai gidan haya, ba ya riƙe da sunana.

3. Tsayar da kamfanoni uku ko huɗu

Kada su wuce haka, za ka ruɗe. Ka haɗa na gida da na waje. A Najeriya sunayen da za ka fi cin karo da su akwai QServers, SmartWeb, Web4Africa, Truehost, HostAfrica da WhoGoHost wanda ya taɓa sauya suna zuwa GO54. A waje akwai Namecheap, Hostinger, Bluehost, SiteGround da GoDaddy. Ambaton suna ba yabo ba ne, wurin fara dubawa ne.

Jerin nan na "manyan kamfanoni goma" da Google ke fara kawo maka, ka karanta shi kamar yadda kake sauraron dillali a kara. Mafi yawan masu rubuta su la'ada suke samu kan duk wanda ya saya ta hannunsu, kuma wanda ya fi biyan la'ada shi ke zama na ɗaya. Gara ka rubuta sunan kamfanin a X ko Nairaland ka ga kukan da aka yi da shi cikin wata shida da suka wuce. Kowane kamfani ana kuka da shi. Abin dubawa shi ne irin kukan, da ko sun amsa.

Gargaɗi: akwai masu sayen wuri a wajen babban kamfani su yanka su sayar, wato ɗan haya ya ba da haya. Ba laifi ba ne, wasunsu ma sun fi kula da mutum. Amma in sabar ta faɗi shi ma jira yake kamar kai, in kuma bai biya nasa kuɗin ba duk ku ake rufewa. Tambaye shi kai tsaye. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusun bankinsa na kansa, babu rasit, babu shafin da za ka shiga ka ga ranar ƙarewar kuɗinka, ka gode masa ka wuce.

4. Yi lissafin shekara uku, ba na wata ɗaya ba

Nan mutane suka fi faɗawa rami. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a fuskar shafi ta kamun kai ce. Sau da yawa ba za ka same ta ba sai ka biya shekara uku ko huɗu a dunƙule, kuma ranar sabuntawa ta ninka biyu ko uku. Farashin gaskiya yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ko sai ka kai shafin biya.

Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai. A ce kamfanin waje ya ce dala 3 a wata a shekarar farko, sabuntawa dala 10. Shekarar farko dala 36, ta biyu 120, ta uku 120, jimla 276. In dala na naira 1,500, ka kashe naira 414,000. A ce na gida ya ce naira 30,000 a shekara. Ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ya zama 32,250, shekara uku 96,750. Wanda ya yi kama da kyauta a ranar farko ya fi ninki huɗu. Wannan bai nuna na gida ya fi inganci ba, wataƙila na wajen ya ba ka wuri da ƙarfi ninki biyar. Ya dai nuna abin da za ka kwatanta.

Kada ka manta da abin da ya faru da masu biya da dala. A 2022 bankuna da dama suka tsayar da amfani da katin naira a shafukan waje. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Mutane da yawa sun rasa shafukansu a tsakanin nan, ba don ba su da kuɗi ba, sai don ranar biya ta zo kati ya ƙi wucewa. Idan za ka sayi na waje, ka tabbatar kana da katin da ke wucewa a shafukan waje, ka kuma sa kuɗin cajin katin a lissafi. Na gida ma suna ƙara farashi in dala ta tashi, don lasisin cPanel, manhajar da ake sarrafa hostin da ita, da hayar saba da dala suke biya, amma aƙalla tiransifa za ka yi daga wayarka a wuce wurin.

A takardarka, ƙarƙashin kowane kamfani, ka rubuta kuɗin farko, kuɗin sabuntawa, kuɗin domen a shekara ta biyu, kuɗin imel in daban ake sayarwa, da kuɗin dawo da kwafin ajiya in suna caja.

Gargaɗi: a shafin biya wasu kan yi maka alamar amincewa a kan ƙarin kaya da ba ka nema ba, na tsaro ko na tallata shafi. Cire su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka biya kuɗin SSL, makullin nan da ke sa adireshi ya fara da https. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na ba da shi kyauta, yana sabunta kansa, kuma kamfanin kirki ya haɗa shi a ciki. Ba abin wasa ba ne, tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, amma ƙaramin shafi ba ya bukatar na kuɗi.

5. Tono abin da ke ƙarƙashin "mara iyaka"

Babu faifan da ba ya cika. In kamfani ya ce wuri mara iyaka, iyakar tana wani gefe, kuma a shafin sharuɗɗa take.

Ta farko ita ce inod, wato adadin fayil. Kowane hoto, kowane imel, kowace jaka, ɗaya ne. WordPress kuma, manhajar da ake haɗa shafi da ita, duk hoton da ka ɗora sai ta yanka shi girma-girma ta ajiye, hoto ɗaya ya zama biyar ko fiye. Sai ka ga wuri na nan fal amma an hana ka ƙara ko tsinke, imel ma ya daina shigowa.

Ta biyu ita ce rabonka na ƙarfin sabar: CPU, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aiki, RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kai, da adadin buƙatun da za a yi wa shafinka aiki a kansu a lokaci guda. Yawancin kamfanoni da manhajar CloudLinux suke yin wannan rabo. In ka wuce naka, baƙo ba zai ga shafi ba, lamba 508 zai gani. Wannan ita ke kama makarantu. Wata goma sha ɗaya shafi na tafiya lafiya lau, ranar sakamako iyaye ɗari uku su shiga cikin awa ɗaya, komai ya tsaya cak. In irin aikinka ke nan, ka tambayi lambobin nan a rubuce, ka tambayi ko za a iya ɗaga ka zuwa babban tsari na wata ɗaya a dawo da kai. Ko kuma ka saki sakamakon aji-aji, firamare da safe, sakandare da yamma. Wannan dabarar ba ta cin ko kwabo.

Ta uku ita ce adadin imel da za ka aika a awa ɗaya. Mai son tura saƙo ga mutum dubu a lokaci guda, hostin na haɗaka ba wurinsa ba ne, rufe shi za a yi.

Sauran a gurguje: faifan ya zama mai sauri, wato SSD ko NVMe. PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ya zama wanda har yanzu ake yi wa gyaran tsaro, don 7.4 an daina yi masa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Saba mai manhajar LiteSpeed tana taimaka wa WordPress sosai. Allon sarrafawa in cPanel ne ko DirectAdmin, ƙaura za ta zo da sauƙi kuma duk wani mai haɗa shafi a garin nan ya san su. Hostinger nasu daban ne, hPanel. A duba akwai Softaculous ko makamancinsa don ɗora WordPress da dannawa kaɗan.

Alƙawarin kashi 99.9 cikin 100 na zama a kunne yana nufin shafi zai iya mutuwa kusan minti 43 a wata ba su karya alkawari ba. Kashi 99 kuwa awa 7 ne da 'yan mintuna.

6. Tambayi inda sabar take

Kamfani na Legas ko Abuja ba ya nufin sabarsa na Najeriya. Da yawa haya suke yi a Amurka, Turai ko Afirka ta Kudu. In baƙinka mutanen gida ne, saba a Legas ta fi kusa, sai Turai, Amurka ce can ƙarshe. A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga amfanin abin da ke ajiye a cikin gida. Amma nisa ba shi ne komai ba. Sabar Jamus da ba a cika mata kaya ba ta fi ta Legas da aka lafta wa shafuka. In ta waje ka samu, ka ɗora Cloudflare a gaba, kamfanin da ke ajiye kwafin kayan shafinka kusa da baƙi, tsarinsu na kyauta ya isa, kuma suna da cibiya a Legas.

7. Jarraba masu amsa ƙorafi kafin su karɓi kuɗinka

Aika musu tambaya da daddare ko ranar Lahadi, lokacin da matsala ta fi son zuwa. Ka tambayi abu huɗu: nawa ne sabuntawa, inod nawa ne a wannan tsari, kwafin ajiya na kwana nawa suke riƙewa, kuma nawa ne dawo da shi. Ka duba agogo. Wanda ya yi kwana biyu bai amsa mai son ba shi kuɗi ba, ka ƙiyasta yadda zai yi da wanda ya riga ya biya. Wanda kuma ya amsa nan take amma ya kauce wa lambobin, yana ta yabon kansa, shi ma ya ba ka amsa.

8. Fara da kaɗan, ka gwada shi da gaske

Biya wata ɗaya, ko uku, in ya yi yawa shekara. Kada rangwame ya ja ka ka biya shekara huɗu a gidan da ba ka taɓa kwana ba. Da yawa suna da wa'adin mayar da kuɗi, galibi kwana 30, amma kuɗin domen ba ya dawowa. Rubuta ranar da wa'adin zai cika.

A makon farko ka ɗora shafin da kayansa na gaskiya, ba fanko ba. Buɗe shi a ƙaramar waya da datar MTN, da ta Airtel, da ta Glo, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ke kan layi. Tura wa wani a Daura ko Funtua ko Jibiya ya buɗe ya gaya maka. Kwastomominka ba a kan intanet ɗin ofis mai ƙarfi suke ba. Yi rajista da UptimeRobot, kyauta ne, yana leƙa shafin duk minti 5 ya aiko maka saƙo in ya faɗi. Bayan mako uku kana da shaidarka a hannu, ba ta bakin kamfani ba.

Buɗe imel mai sunan shafin ka aika wa Gmail da Yahoo. In ya faɗa jakar shara, duba SPF da DKIM a allon sarrafawa, su ne shaidar cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito, don tun farkon 2024 kamfanonin biyu suka tsaurara a kan saƙon da ba shi da su. In an daidaita su amma bai canza ba, mai yiwuwa wani maƙwabci ne a sabar ya ɓata sunan adireshin da saƙonnin damfara. Ka kai ƙorafi. In ba su gyara ba alhali imel ne ƙashin bayan aikinka, karɓi kuɗinka tun wa'adi bai cika ba.

Gargaɗi: in shafi na nauyi, kafin ka zagi kamfani duba kanka. Hotunan da ba a rage ba da fulogin talatin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, za su durƙusar da kowace saba. PageSpeed Insights na Google zai nuna maka ko laifin sabar ne ko na kayanka. Jigo, wato tsarin kamannin shafi, da fulogin na kuɗi da aka sato ake rabawa kyauta kuwa, kada ka kusance su. Ta nan ɓarayi suka fi shigowa, kuma kamfani rufe ka zai yi ba tare da sallama ba.

9. Riƙe kwafinka, ka san hanyar fita

Ko kamfani ya ce yana kwafin ajiya kullum, karanta sharuɗɗan, kusan duka sun rubuta cewa alhakin kayanka a wuyanka yake. In WordPress ne, sa fulogin ɗin UpdraftPlus ya riƙa tura kwafi zuwa Google Drive duk mako, gigabait 15 na kyauta ya ishi ƙaramin shafi. Sau ɗaya aƙalla ka gwada dawo da kwafin ka ga yana tashi. Na taɓa buɗe kwafin da aka shekara ana ajiyewa na tarar fayiloli ne kawai, rumbun bayanan da rubutun ke ciki babu shi.

Sa ƙararrawa a waya wata ɗaya kafin ranar ƙarewar hostin da ta domen, don ba lallai su zo rana ɗaya ba. .com da ya wuce wa'adi ya shiga matakin fansa, kuɗin karɓo shi ya ninka na sabuntawa sau da yawa, in ya wuce nan kuma kowa na iya saye.

Ranar da ka yanke shawarar tashi, ga jerin: sayi sabon wuri alhali tsohon na da sauran mako biyu aƙalla. Kwashe fayiloli da rumbun bayanai da imel, kamfanoni da yawa ma suna kwashe wa sabon shiga kyauta in ka tambaya. Gwada shafin a sabon wurin. Sannan ka shiga asusun domen ka canza nemsaba, wato adireshin da ke nuna wa domen inda shafin yake, zuwa na sabon kamfanin. Canjin kan ɗauki awanni, wani lokaci har kwana biyu, kuma a tsakanin wasu baƙi tsohon gida za su riƙa zuwa, don haka kada ka ɗora sabon abu ko ka karɓi oda a lokacin. In domen ɗin ma za ka ɗauke, buɗe makullinsa ka nemi lambar EPP, lambar sirrin ƙaurar domen, ka ba sabon kamfanin. Bayan kwana uku ka leƙa tsohon akwatin imel ka kwashe abin da ya maƙale, ka kashe cire kuɗi kai tsaye daga katinka, sannan ka rufe tsohon asusun.